Tafkin Da Ba Ya Daskarewa, Da Hukuncin Mai Tafiya Kallonsa

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya kafa mata duwatsu, ya saukar da ruwa daga sama bisa gwargwado. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, mutumin Argungu ba ya bukatar a tsaya yi masa bayanin abin da ke sa mutane su bar gidajensu su tafi kallon ruwa. Tun shekarar 1934, sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama ziyara, aka tarye shi da wasan su, aka binne gabar da ta daɗe tsakanin Kabi da Sakkwato, garin ya saba da saukar baƙi waɗanda ba abin da ya kawo su sai su tsaya a bakin Matan Fada su ga dubban masunta sun auka ruwa da homa da gora. Abin da ya sake a wannan zamani shi ne 'ya'yan kwarin Rima su ma sun fara fita kallon ruwan waɗansu. Wani ya ɗebi iyalinsa ya nufi Yankari don ya yi wanka a marmaron Wikki, wanda ɗuminsa ke tsaye a wajen digiri 31 rani da damina. Wani ya hau tudun Mambila. Wani ya ƙetara Nijar ya shiga duwatsun Azbin, ya tafi Tafadek, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Ɗalibai da 'yan kasuwa da ma'aikata kuwa, jirgin sama yakan kai su inda kakanninsu ba su taɓa jin sunansa ba.

A kan wannan al'amari mutane sun kasu biyu. Akwai masu cewa duk tafiyar da ba ta aikin Hajji ba ce, ko ta neman ilmi, ko ta fatauci, ɓarnar dukiya ce kawai, har su kawo hadisin da ya hana ɗaura sirdi sai zuwa masallatai uku, na Makka da na Madina da na Ƙudus. Akwai kuma waɗanda da zarar mota ta bar tashar garinsu sai su ɗauka an sauke masu shari'a sai ranar da suka komo. Na farko sun ɗora wa hadisi abin da bai ɗauka ba, domin manyan malamai sun bayyana cewa maganarsa a kan tafiya ce don neman ladan ibada a wani wuri keɓaɓɓe, ba ta shafi mai tafiya don sana'a ko magani ko lura da halittar Allah ba. Na biyu kuwa al'amarinsu ya fi hatsari, gama su salla ce suke wasa da ita.

Don a fahimci maganar sosai, ya kyautu a ɗauki wuri guda a tsaya a kansa. A ƙasar Kirgizistan, can tsakiyar Asiya, daura da iyakar Sin ta yamma, akwai wani tafki da mutanen ƙasar suke kira Isik-Kul, watau tafki mai ɗumi a harshensu. Ƙasar Musulmi ce, kuma abin da ke wurin ya tara kusan dukan mas'alolin da mai irin wannan tafiya zai gamu da su. Wanda ya tashi daga Bishkek, babban birnin ƙasar, ya nufi gabas, zai ratsa wani matsattsen kwazazzabo tsakanin duwatsu, bayan tafiyar kilomita wajen 180 sai ya ga ruwa shuɗi ya buɗe a gabansa, ido ba ya kai ƙarshensa. Tsawon tafkin kilomita 182 ne, watau ya fi nisan da ke tsakanin Birnin Kebbi da Sakkwato, faɗinsa kuwa wajen kilomita 60. Inda ya fi zurfi ya kai mita 668. Shi kansa ruwan yana zaune ne a bisa tudu mai tsayin mita 1,600 da 'yan kai daga bakin teku, kusan daidai da tudun Mambila, sa'an nan duwatsun Tiyan-Shan sun tsare shi kudu da arewa, waɗansu ƙololuwarsu ta haura mita 5,000, dusar ƙanƙara ba ta barin kawunansu ko da tsakiyar bazara.

Koguna da ƙoramu fiye da 100 ne suke gangarowa daga waɗannan duwatsu suna zuba a cikinsa, amma babu ko guda da yake fita daga gare shi. Rana da iska su ke ɗebe ruwan, gishirin da ƙoramu suka kwaso kuwa ya zauna, shi ya sa ruwan yake da ɗan ɗanɗanon gishiri, kamar giram 6 a kowace lita, alhali na teku ya kai 35. To, idan hunturu ya shigo, ƙasa ta yi fari fat, ƙoramu suka sandare, ƙananan tafkunan da ke bisa duwatsu suka zama kamar daɓe har doki ya taka, shi wannan babban tafki ba ya daskarewa, sai dai 'yan gefe-gefe inda ruwa bai yi zurfi ba. Dalilin sunansa ke nan. Amma fa ɗumin na mutanen can ne. Mutumin da ya saba da zafin Argungu na watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, in ya tsoma ƙafa a ruwan nan da hunturu, yana 'yan digiri kaɗan bisa daskarewa, ba zai yarda da wanda ya raɗa sunan ba. Sai a watannin Yuli da Agusta ne saman ruwan yake yin ɗumin da mutum zai iya ninƙaya a ciki da daɗin rai.

Masana sun bayyana dalilan rashin daskarewarsa. Ruwa mai zurfi haka yakan tara zafin bazara ya riƙe, ba ya sakinsa da sauri, gishiri yana jinkirta daskarewa, iska kuma ba ta barin ruwan ya kwanta, kullum tana juya na ƙasa zuwa sama. Waɗansu mutane suna tsoron irin wannan bayani, suna zaton zai rage girman aya. Wannan kuskure ne. Sanin sababi ba ya kore Mai sabbabawa. Wanda ya ga ginin soro mai kyau, aka nuna masa yadda aka jera azara aka ɗaura baka, girman maginin ne yake ƙaruwa a zuciyarsa. A cikin Suratu Faɗir Allah ya ambaci ruwan da ya saukar, da 'ya'yan itatuwa masu launi dabam-dabam, da zane-zanen da ke jikin duwatsu, farare da jajaye da baƙaƙe, kuma nan take ya biyo da cewa masu ilmi ne suke tsoronsa da gaske daga cikin bayinsa. Duk wanda ya tsaya a Jeti-Oguz, kudu da tafkin, inda waɗansu jajayen duwatsu suke jere kamar bijimai a gaban koren daji, farar ƙanƙara kuma tana hange a bayansu, ya ga tafsirin wannan aya da idonsa. A Suratul Mursalati an haɗa ambaton dogayen duwatsu da ruwan daɗi da ake shayar da mutane, ga shi kuwa a nan ƙanƙarar da ta taru a kan dutse da hunturu ita ce take narkewa sannu-sannu da bazara, ta shayar da gonakin alkama da lambunan tuffa a daidai lokacin da suke bukata. Dutse ya zama rumbun ruwa, ba wanda ya gina shi, ba wanda yake gadinsa.

Manomin fadamar Rima ya fi kowa sanin darajar wannan gwargwado. Ya ga shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, kamar 2006 da aka hana shiga su a Matan Fada saboda kogin ya janye, ya kuma ga shekarar da ya yi yawa, kamar 2020 da ambaliya ta cinye shinkafar Jihar Kebbi tana gab da nuna. Suratul Muminuna ta faɗi cewa wanda ya zaunar da ruwa a ƙasa mai iko ne a kan tafiyar da shi, Suratul Mulki kuma ta rufe da tambayar wa zai kawo wa mutane ruwa in nasu ya ƙafe. Mai tafiya da ya ɗauki waɗannan ayoyi a zuciyarsa, tsayuwarsa a bakin tafki tunani ce, kuma tunani a kan halittar Allah ibada ce wadda ƙarshen Suratu Ali Imrana ya yabi masu yinta.

Akwai wani abu a ƙarƙashin wannan tafki da ya fi abin da ke samansa wa'azi. Ruwan yakan ƙaru ya ragu a tsawon zamani, ƙasar kuma mai girgiza ce, saboda haka garuruwan da suke bakinsa a dā waɗansu yanzu suna cikinsa. Tun da daɗewa igiyar ruwa takan turo tubali da tukwane da ƙasusuwa zuwa gaɓa. A shekarar 2025 masu binciken kufai suka nutsa kusa da Toru-Aigir, a gaɓar arewa, suka iske ragowar gine-ginen jan bulo, da dutsen niƙa, da maƙabartar Musulmi wadda aka kwantar da mamatanta suna fuskantar alƙibla. Waɗannan mutane suna kan hanyar fataken alharini, ayari daga Sin yakan sauka a ƙofarsu, suna da kasuwa da masallaci da liman. Yau kifi ne yake kai da kawowa a tsakar gidajensu. A yamma da tafkin kuma, a kwarin Cu, akwai duwatsun kaburbura masu ɗauke da shekarun 1338 da 1339, an rubuta a jikin waɗansu cewa annoba ce ta kashe masu su, kuma binciken da aka bayyana a 2022 ya sami ƙwayar cutar a haƙoransu, irin wadda ta haifi babbar annobar nan da ta share mutane daga Asiya har Turai, wadda Ibn Baɗuɗa ya tarar a Dimashƙa a 1348.

Ba sai Bakabe ya je Asiya kafin ya ga irin wannan ba. Surame tana nan kusa, birnin da Kanta ya gina a ƙarni na 16, lokacin da Kabi ta fi ƙarfin Askiya na Songhai ta tsaya da ƙafarta. Ganuwar dutsen tana nan har yanzu, amma babu sarki babu dogari, sai itatuwa da tsuntsaye. Alƙur'ani ya yi umurni da tafiya a bayan ƙasa don duba ƙarshen waɗanda suka gabata a wurare da yawa, cikin Suratu Ali Imrana da Suratul An'ami da Suratur Rumi da waɗansunsu. Amma akwai ladabi. A hanyar Tabuka, shekara ta 9 bayan Hijira, rundunar Musulmi ta bi ta Hijir, kufan Samudawa, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shiga gidajen mutanen da aka yi wa azaba sai da kuka, ya rufe kansa ya gaggauta wucewa, ya kuma sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyinsu. Mutanen Surame da na Toru-Aigir ba a ce an yi masu azaba ba, Musulmi ne, haƙƙinsu shi ne sallama da addu'a. Sai dai darasin guda ne: kufai ba wurin shewa ba ne. Abin takaici ne a ga samari sun hau kan kabari suna ɗaukar hoto da waya, ba wanda ya tuna ya yi wa mai kabarin addu'a.

Musulunci ya daɗe a wannan yanki. Sarakunan Turkawa na gidan Ƙarakhan sun musulunta tun ƙarni na 10, watau kafin a gina Surame da shekaru ɗaruruwa. Mahmud Alkashgari, wanda ya wallafa Diwanu Lugatit Turki a Bagadaza wajen 1072 zuwa 1074 don ya koya wa Larabawa harshen Turkawa, mahaifinsa mutumin Barskan ne, a gaɓar kudu ta wannan tafki. A garin Karakol, can ƙuryar gabas, akwai masallacin katako da aka gama a 1910, wanda Musulmin Sin da ake kira Dungan suka gina bayan sun ƙetaro duwatsu cikin hunturun 1877 suna gudun kisa. A zamanin mulkin Kwaminisanci an rufe shi na waɗansu shekaru, an mai da shi ma'aji, daga baya aka mayar wa masu shi, kuma ana salla a cikinsa har yau. Baƙon da ya shiga zai ga mutanen 'yan mazhabar Abu Hanifa ne, suna jinkirta La'asar fiye da yadda ya saba. Ya bi limaminsu, sallarsa ta inganta, kada ya mai da kansa mai gyara a garin da ya kwana biyu.

Daga nan sai maganar da ta fi kowace nauyi. A gaɓar kudu akwai wani wuri da ake kira Manjili-Ata, mai idanun ruwa da yawa, inda mutane suke zuwa neman haihuwa da waraka, kuma a ƙasar al'ada ce a ga an ɗaura tsummoki a rassan itatuwan da ke kusa da irin waɗannan idanun ruwa. Baƙo zai ga abin ya yi masa kyau a ido, mai yi masa jagora kuma zai miƙo masa ƙyalle ya ce ya ɗaura ya roƙi bukatarsa. Kada ya karɓa. A hanyar Hunaini waɗansu sababbin shiga Musulunci sun ga wata magarya da mushirikai suke rataya makamansu a kanta don neman albarka, suka roƙi Manzon Allah ya sanya masu irinta, ya yi kabbara, ya kwatanta roƙonsu da na Bani Isra'ila da suka nemi Annabi Musa ya yi masu gunki. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar, da ya ji mutane suna zuwa salla a gindin itaciyar da ake cewa a nan aka yi mubaya'ar Ridwanu, sai ya sa aka sare ta.

Shiga ruwan zafi don neman sauƙin sanyin ƙashi ko ciwon fata, a Tafadek ko a maɓuɓɓugan da ke duwatsun Karakol, wannan magani ne, halal ne, kamar shan sassaƙe ko zuwa asibiti. Annabi Ayuba ma da ruwa Allah ya warkar da shi, kamar yadda Suratu Sad ta bayar da labari. Inda aka bar hanya shi ne a ɗauka wani abu ne a cikin ruwan yake ji yake bayarwa, har a yi masa yanka ko alkawari. Kuma ba daidai ba ne a ga laifin mutanen Asiya a rufe ido ga na gida. Cikin al'adun Kabawa na dā akwai gyaran ruwa da fashin ruwa da ake yi kafin a shiga su. Sanin ruwa da Sarkin Ruwa da Homa da manyan masunta suka gada, sanin gurbin da ke da zurfi, da inda kada yake kwana, da lokacin da kifi yake ƙwai, ilmi ne mai daraja, ya kamata a kiyaye shi a koya wa yara. Amma dabbar da za a yanka don neman yardar iskokin ruwa, ko a bakin Gulbin Kabi ne ko a bakin Isik-Kul, hukuncinta guda ne, kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi magana mai zafi a kan yanka ga itatuwa da duwatsu a littafinsa Nurul Albabi. Mai son a fita ruwa lafiya, ga addu'a, ga sadaka ga mabukata. In ruwa ya yi ƙaranci, ga sallar roƙon ruwa.

Game da tsarki, abin da sauƙi. Ruwan tafkin nan mai gishiri yana tsarkakewa, a yi alwala da shi a yi wanka, domin hadisin da Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa ya tabbatar da tsarkin ruwan teku da halaccin mushensa. Ruwan da ya sake launi ko wari saboda mazauninsa, kamar marmaro mai warin farar wuta, ko ruwan Rima da ya yi ja da damina saboda laka, bai fita daga tsarkinsa ba. Ƙanƙarar da ta narke ma haka. Wanda janaba ta same shi a bisa dutse cikin tsananin sanyi, ba shi da abin ɗumama ruwa, kuma ya ji tsoron cuta, sai ya yi taimama, kamar yadda Amru ɗan Asi ya yi a yaƙin Zatus Salasil, Manzon Allah kuwa bai hana shi ba. Amma wanda yake masauki mai famfon ruwan zafi, ƙyuya ce kawai ta hana shi, ba shi da wannan rangwame.

Akwai wani kuskure da Bahaushe yake saurin faɗawa. A ƙasar Hausa alƙibla da gabas sun zama kalma guda, har akan ce mutum ya dubi gabas in ana nufin ya yi salla. To, a Kirgizistan Ka'aba tana kudu maso yamma. Wanda ya tashi da asuba ya fuskanci inda rana za ta ɓullo, ya juya wa ɗakin Allah baya. Lokatai ma ba irin na gida ba ne, gama a watan Yuni yini yakan kai sa'a 15, alfijir ya keto tun mutum bai ƙoshi da barci ba, Lisha kuma ta yi nisa cikin dare.

Bakin ruwa wurin tuɓe tufafi ne, a nan kuwa ake yawan zamewa. Da bazara rairayin Colpon-Ata, a gaɓar arewa, yakan cika da baƙi daga Kazakistan da Rasha, maza da mata a cakuɗe, cikin shigar da ba ta kai a kira ta sutura ba. Al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, a cikin ruwa ko a tudu, kuma umurnin runtse ido da ke Suratun Nur bai keɓe matafiyi ba. Tafki mai tsawon kilomita 182 ba ya rasa gaɓar da mutum zai keɓe da iyalinsa. Wannan magana ta shafi Wikki, ta kuma shafi Matan Fada ranar da gari ya cika. Wajen abinci kuwa, mutanen ƙasar masu karamci ne ƙwarai, za su kawo naman doki, wanda mashahurin zance a mazhabar Malik shi ne haramcinsa, ko da yake Shafi'i da Ahmad sun halatta, saboda haka baƙo ya ba da hanzari cikin ladabi ba tare da ya aibata mai gida ba. Za su kuma kawo kumis, nonon goɗiya da aka bari ya yi tsami, wanda in ya yi ƙarfi yakan bugar. Abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma a bar shi.

Garin farko da matafiyi yake isa a bakin tafkin sunansa Balikci, ma'anarsa masunci. Sunan ya rage, kifin ya tafi. A zamanin Tarayyar Sobiyet an kawo waɗansu irin kifaye daga waje aka zuba don a ƙara amfani, sai suka bi na asali suna cinyewa, kamun da ba iyaka kuma ya ƙarasa saura, har hukuma ta hana su na shekaru. A watan Mayu na 1998 kuma wata motar da ke kai guba mahaƙar zinariya ta faɗa kogin Barskun, wanda yake zuba a tafkin. A nan Argungu tana da abin da za ta koya wa duniya, domin hana kamun kifi a Matan Fada sai ranar da aka buɗe shi ne yake ba giwan ruwa damar girma har a fito da mai kilo 70 da ɗoriya. Wannan tsari yana da asali a shari'a, gama Manzon Allah ya keɓe makiyayar Naƙi'u, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza, don amfanin jama'a. Mai zuba guba a gurbi don ya kwashi kifi a dare guda, da mai satar shiga ruwan da aka hana, da baƙon da ya ci ya sha ya watsar da leda a gaɓa, duk sun ci amanar ruwa. Hadisi ya hana bawali a ruwan da ba ya gudu, ya kuma lissafa ɓata mashaya cikin abubuwan da ke jawo wa mutum tsinuwa.

Saura hukuncin ƙasaru, wanda shi ne ake yawan tambaya. A mazhabar Malik ƙasaru sunna ce mai ƙarfi ga wanda ya nufi tafiyar mil 48, watau kilomita 80 da 'yan kai, ya mai da Azahar da La'asar da Lisha raka'a biyu-biyu, tun daga inda ya wuce gidajen garinsu. Amma Shaihu Halil a cikin Muhtasar ya sa sharaɗin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, watau kada tafiyar ta zama ta saɓo, kada kuma ta zama ta wasa tsantsa. Masu sharhi suka ce wanda ya fita don saɓo, an hana shi ƙasaru, wanda kuma ya fita don wargi kawai, kamar mai farautar da ba ya bukatar naman, ƙasaru makaruhi ce a gare shi. Ashe ke nan mutum biyu suna iya zama kujera guda a mota, su sauka a bakin ruwa guda, ɗaya yana da rangwamen Allah ɗaya ba shi da shi. Wanda ya fita don ya huta ya sami ƙarfin aiki, ko ya nemi lafiya, ko ya nuna wa 'ya'yansa ikon Allah da kufan magabata, tafiyarsa halal ce, ya yi ƙasaru. Wanda ya fita don ya sami inda ba a san shi ba ya yi abin da yake jin kunyar yi a unguwarsu, ya cika sallarsa huɗu, ya kuma san akwai tuba a kansa.

Mai zuwa Argungu daga Birnin Kebbi ba ya ƙasaru, domin tsakaninsu bai kai wannan nisa ba. Mai zuwa daga Sakkwato, tafiyar kilomita wajen 100, yana yi. In ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a inda ya sauka, ko a Argungu ko a Karakol, hukuncin tafiya ya yanke tun daga isarsa, sai ya cika. In kuwa bai san ranar tashinsa ba, yau ko gobe, yana ƙasaru ko da zaman ya yi tsawo. An kuma yi masa rangwamen haɗa Azahar da La'asar, da Magariba da Lisha, in yana kan hanya a tudu. Asuba da Magariba ba a rage su, kuma Asuba ba a haɗa ta da kowace salla, ko da jirgi zai tashi da sassafe.